Farfesa Oladele Ajose: Likitan da ya kai jami'a bakin fadama

Duk ma'aikacin da takardun kiwon lafiya a matakin farko suka taɓa ratsa teburinsa a Abuja, yana tafiya ne a kan turbar da wasu suka share tun kafin Najeriya ta sami 'yancin kai. Cikin waɗanda suka fara saran dajin akwai Farfesa Oladele Adebayo Ajose, likita kuma malamin jami'a, wanda ya ƙarar da rayuwarsa a kan rigakafi da lafiyar al'umma. Shi ne ɗan Afirka na farko da aka tabbatar wa kujerar farfesa a jami'ar Ibadan, kuma shi ne shugaban farko na Jami'ar Ife.

An haifi Ajose a ranar 21 ga Satumba, 1907, a gidan sarautar Legas. Ya yi karatun sakandare a makarantar maza ta Methodist da kuma King's College, duk a Legas. Yana saurayi annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a birnin a 1924, ta kuma yi ta ɗauki ɗai-ɗai har zuwa 1931, musamman a unguwannin da cunkoso da ƙazanta suka yi wa katutu. Wannan annoba ce ta tilasta wa gwamnatin mulkin mallaka kafa hukumar tsara birnin a 1928, ta shiga rushe wasu unguwanni. Ke nan Ajose ya tashi a garin da magudanar ruwa da shara da yanayin gidaje suke yanke wa mutane hukuncin rayuwa ko mutuwa.

A 1927 ya tafi Jami'ar Glasgow da ke Birtaniya, inda ya kammala karatun likita a 1932. A zamanin, ɗan Afirkan da ya dawo da takardar likita yana iya buɗe asibitin kansa ya tara dukiya da suna. Ajose kuwa ya ƙara zama ya sami difloma a fannin lafiyar al'umma a 1935, sannan ya dawo gida a 1936 tare da matarsa, wadda ya aura a can. A 1939 jami'ar ta ba shi babban digirin likitanci, bisa binciken da ya yi na kwatanta cutar agana da ƙarambau a Najeriya.

Binciken yana da amfani a aikace, domin cututtukan biyu suna kama da juna a idon wanda bai ƙware ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Ƙarambau kan yi sauƙi ga yawancin yara, ƙurajensa sun fi yawa a ƙirji da baya, kuma suna fitowa kashi-kashi. Agana kuwa ta fi cika fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu, ƙurajenta suna nuna lokaci guda, kuma mai tsananinta tana kashe kusan mutum uku cikin goma da ta kama. Jami'in lafiyar da ya ɗauki agana a matsayin ƙarambau ya bar wuta a cikin unguwa, domin ba zai killace maras lafiya ba, ba kuma zai yi wa maƙwabta lamba ba.

Ya fara aiki a matsayin mataimakin jami'in lafiya na birnin Legas, daga baya ya zama jami'in lafiyar kansa. Aiki ne na duba kasuwa da mahauta da rijiyoyi, da bin sawun cututtuka masu yaɗuwa gida-gida, wanda ba kasafai yake jawo wa mai shi yabo ba. A wannan zamani ne ya taka rawa wajen kafa reshen ƙungiyar agaji ta Red Cross a ƙasar nan, da kuma asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Legas.

Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948 a ƙarƙashin Jami'ar Landan, sai Ajose ya ajiye aikin gwamnati ya koma koyarwa. Ya fara a matsayin malami, sannan ya kai ga kujerar farfesa a fannin rigakafi, a lokacin da kusan duk manyan malaman kwalejin Turawa ne. Ra'ayinsa shi ne ɗalibin likita ba zai fahimci cuta a ɗakin lacca da gadon asibiti kaɗai ba, sai ya je inda take haihuwa. Don haka ya kafa shirin lafiyar al'umma a garin Ilora, kusa da Oyo, ya mayar da garin wurin koyarwa da bincike.

Babbar damuwar Ilora ita ce tsargiya, cutar fitsarin jini. Yadda take yawo sananne ne ga masana: ƙwan tsutsar na fita cikin fitsarin mai ɗauke da ita ya shiga ruwa, ya ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shiga jikin dodon koɗi su hayayyafa, sannan su fito su huda fatar wanda ya shiga ruwan wanka ko wanki ko noma. Ko an warkar da mutum, idan ya koma fadamar nan gobe, cutar za ta sake kama shi. Magani shi kaɗai zuba ruwa ne a kwando.

Ajose ya zauna da mutanen gari, ya bayyana musu alaƙar fadamar da ciwon da ke damunsu, ya kuma sa su cikin kowace shawara da za a yanke game da aikin lafiyar da za a kawo musu. Daga nan aka gyara fadamun, aka mayar da su tafkunan kiwon kifi, aka zuba karfasa. Wurin da a da yake rabon cuta ya koma wurin samun abinci mai gina jiki da ɗan kuɗin kashewa, mutanen kuma suka sami dalilin kula da shi da kansu ko babu likita a kusa. Ana ambaton tafkunan Ilora cikin ayyukan da suka buɗe ƙofar kiwon kifi a wasu sassan ƙasar. A 1957 ya wallafa maƙala a mujallar Africa a kan rigakafi da camfi a Najeriya, batun da duk mai yi wa jama'a aikin lafiya yake karo da shi.

A 1962 aka naɗa shi shugaban sabuwar Jami'ar Ife, wadda ta fara karatu a mazaunin wucin gadi a Ibadan. Lokaci ne mai wuya, domin a wannan shekarar ce rikicin Obafemi Awolowo da Ladoke Akintola ya kai ga dokar ta-ɓaci a Yankin Yamma, kuma jami'ar mallakar gwamnatin yankin ce, don haka ƙurar siyasa ba ta bar ta ba. Ya riƙe kujerar har 1966, Farfesa Hezekiah Oluwasanmi ya gaje shi. A 1987 aka sauya wa jami'ar suna zuwa Jami'ar Obafemi Awolowo.

A Ibadan kuwa, irin da ya shuka bai bushe ba. A 1963 jami'ar ta buɗe shirin Ibarapa a Igbo-Ora, inda ɗaliban likita ke zama cikin karkara suna koyon aiki. Farfesa Adetokunbo Lucas, wanda ya jagoranci sashen rigakafin daga baya, ya shugabanci shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1976 zuwa 1986.

Ajose ya rasu a ranar 2 ga Yuli, 1978, yana da shekara 70. Wata biyu bayan haka, a watan Satumba, ƙasashen duniya suka haɗu a Alma-Ata suka amince cewa kiwon lafiya a matakin farko, tare da sa hannun jama'a, shi ne ginshiƙin lafiya ga kowa. A 1980 aka bayyana kawar da agana daga doron ƙasa. Najeriya ta ɗora manufar lafiyarta ta 1988 a kan wannan ginshiƙi a zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ta kafa hukumar bunƙasa kiwon lafiya a matakin farko a 1992, sannan dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ayyukan lafiya na tushe.

Tsargiya dai tana nan har yau a garuruwa da dama na Kudu da Arewa, musamman kusa da madatsun ruwa da gonakin rani, kuma Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu fama da ita. Ana raba wa 'yan makaranta ƙwayar magani, suna warkewa, suna kuma komawa ruwan da suka ɗebo ta. Tambayar da Ajose ya zauna da mutanen Ilora a kanta, wato yadda za a yi da ruwan kansa, tana jiran masu tsara kasafi da masu sa hannu a takarda.