Adam Smith, Malamin da Ya Binciki Asalin Arzikin Ƙasashe

An haifi Adam Smith a shekarar 1723 a wani ɗan gari na bakin teku wai shi Kirkcaldy, cikin ƙasar Sikotlan. Ubansa ma'aikacin kwastan ne, amma ya rasu tun yaron yana ciki, sai uwar ta rene shi ita kaɗai. Har ya mutu bai yi aure ba, yawancin zamansa duk tare da tsohuwar nan ya yi shi, har Allah ya ɗauki ranta a 1784.

Yana ɗan shekara 14 ya shiga Jami'ar Gilasgo. A 1740 ya sami taimakon kuɗin karatu ya tafi Oksfod, a Ingila, ya shekara shida. Abin da ya gani can bai gamshe shi ba ko kaɗan, don ya tarar malamai da yawa sun daina ko kwatanta koyarwa, ga shi kuwa albashinsu ba ya fashi. Sai ya duƙufa ga karatun littattafai shi kaɗai. Wannan abu ya tsaya masa a rai har tsufansa.

A 1751 aka ba shi malanta a Gilasgo, inda ya yi ta koyar da ilmin kyawawan ɗabi'u da shari'a da sha'anin mulki. A 1759 ya fitar da littafinsa na fari, wanda ya nuna a ciki cewa ɗan Adam yakan sa kansa a matsayin ɗan'uwansa ya ji abin da yake ji, daga nan ne kuma kunya da adalci suke tsirowa. Littafin ya sa sunansa ya bazu, har aka roƙe shi ya raka wani yaro ɗan sarauta zuwa Faransa, ya riƙa koya masa, a kan fam 300 a shekara muddin ransa. Da ya tashi barin Gilasgo zangon karatu bai ƙare ba, sai ya mayar wa almajiransa kuɗin da suka biya, don bai cika musu aikin ba. A Faransa ya sadu da masana irin su Quesnay da Turgot, ya komo gida a 1766.

Ya yi wajen shekara goma yana rubutu, sa'an nan a 1776 babban littafinsa ya fito, The Wealth of Nations, watau Arzikin Al'ummai. A zamanin nan masu mulki suna tsammani arzikin ƙasa shi ne zinariya da azurfar da ta tara, saboda haka sukan ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kayan waje. Smith ya ce ba haka ba ne: arzikin ƙasa shi ne abin da mutanenta suke iya samarwa da aikinsu kowace shekara.

Ya kawo misali da masu ƙera fil, ƙaramar allurar nan mai kai. Mutum guda da bai saba ba, ko ya wuni yana fama, ba zai iya yin ko ashirin ba. Amma in mutum goma suka raba aikin, wannan ya ja waya, wancan ya yanka, wani ya fiƙe baki, wani ya sa kai, sai su yi 48,000 a rana. Raba aiki kuwa ba ya yiwuwa sai da kasuwa mai faɗi, gama ba mai ƙera fil dubbai in ba inda zai sayar. Don haka ya nemi a sakar wa ciniki mara. Mahauci ba don tausayinmu yake yanka ba, don ribarsa ne, amma in akwai wasu mahauta suna gasa da shi, tilas ya kyautata nama ya sassauta kuɗi. Ta haka neman na kai yakan zama amfanin jama'a ba tare da an yi niyya ba.

To, amma kada mai karatu ya ɗauka Smith ɗan koren attajirai ne. Ya yi kashedi cewa 'yan kasuwa masu sana'a ɗaya in sun haɗu sukan haɗa baki su tsawwala wa jama'a. Ya kuma ce aikin bawa ya fi na ɗa tsada a ƙarshe, don wanda ba ya mallakar komai ba abin da zai sa ya yi himma. Gwamnati ma ya ba ta aiki uku: tsaron ƙasa, tsai da shari'a, da manyan ayyuka irin su hanyoyi da gadoji da makarantu. Masu sukarsa sun ce gasa ba kullum take kāre talaka ba, har yau kuwa masana ba su gama wannan gardama ba.

A 1778 aka naɗa shi babban jami'in kwastan a Edinbara. Abin mamaki, mai sukar kuɗin fito ya zama mai karɓarsa, ya kuwa riƙe aikin da gaskiya. Da ya ga ajali ya matso sai ya sa aka ƙone yawancin takardunsa da bai gama ba. Ya rasu ran 17 ga watan Yuli, 1790. Shekara 56 bayan haka, a 1846, Ingila ta soke dokokin da suka tsananta shigo da hatsi daga waje, ra'ayinsa yana cikin abin da ya share hanya.

Saura magana ɗaya da ta shafe mu, mu masu koyon aikin malanta. Smith ya lura cewa mutumin da ya ƙare ransa yana fiƙe bakin fil kaɗai, hankalinsa dushewa yake yi. Maganin da ya ba da shi ne a kafa makaranta a kowace gunduma, 'ya'yan talakawa su koyi karatu da rubutu da lissafi da kuɗi kaɗan. Amma ya ce kada gwamnati ta biya malami albashinsa duka, wani kashi ya fito daga hannun iyaye, don in abincinsa bai rataya ga ƙwazonsa ba sai ya yi sakaci, kamar waɗanda ya gani a Oksfod. Galibinmu albashi za mu ci, ko yara sun gane ko ba su gane ba. Ko Smith ya yi gaskiya a kanmu ko ya yi kuskure, a cikin ajin kowannenmu za a gani.