Alhaji Abubakar Imam a Zamanin Ƙuruciyarsa

An haifi Malam Abubakar a Kagara cikin shekarar 1911. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, alƙali ne, saboda haka yaron ya buɗe ido ya tarad da allo da littattafan Larabci cikin gida. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya fita a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina. Watau dai da aikin En'e ya fara cin abinci.

To, a wannan zamani makarantu na yaye masu karatun boko, amma in yaro ya iya haɗa baƙi, ba shi da abin da zai karanta don jin daɗi. Wannan ya sa a 1933 Dokta East, shugaban Ofishin Fassara na Zariya, ya zaga garuruwa yana roƙon malamai su rubuta labaru na ƙagawa. Abin bai zo da sauƙi ba. A ganin malamai da yawa, alƙalami na ilmin addini ne da tarihi, tatsuniya kuwa sai mata da yara da dare. Mutum mai mutunci ya zauna ya shirya abin da bai faru ba, ai ya zub da girmansa.

Malam Abubakar yana da shekara 22, ɗan alƙali kuma, amma bai ji wannan kunya ba, domin kullum yana gaban almajirai, ya san ƙishirwarsu. Ya rubuta Ruwan Bagaja, aka buga shi a 1934. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida neman ruwan da zai warkad da ɗan Sarki, don ya wanke Liman daga wulakancin da aka yi masa a fada. Ko da ya ke littafin cike ya ke da ban dariya, musamman inda Alhaji ya ke karo da Malam Zurƙe, tushensa kare girman uba ne. Wansa ma, Malam Bello Kagara, ya shiga wannan gasa da Ganɗoki.

Da East ya ga irin hannunsa, sai ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya a 1936. Aka tara masa littattafan labarun Larabawa da na Indiya da na Turai. Cikin wata shida ya narkad da su, ya sake ƙera su, ya sa su a bakin aku, har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Shi ne Magana Jari Ce, littafi uku.

A 1939 aka ɗora shi kan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, yana da shekara 28. Ya rasu a Zariya cikin 1981. Allah ya ji ƙansa.