Jean Andreau, injiniyan da ya koya wa motoci ratsa iska

Duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota tana gudu ya san iska ba abar rainawa ba ce. Idan gudu ya ninka sau biyu, turjiyar iska kan ninka sau huɗu, sai injin ya ƙara shan mai. Wannan matsalar ce Bafaranshe Jean Andreau ya ƙare rayuwarsa yana yaƙi da ita.

An haife shi a shekara ta 1890 a garin Pontacq, kudu maso yammacin Faransa. Aikin soja ya fara, amma raunin da ya samu a yaƙin duniya na farko ya sa ya koma aikin injiniya.

A 1936, a wajen baje kolin motoci na birnin Paris, kamfanin Peugeot ya nuna wata 402 da Andreau ya sake wa jiki: gaba a mulmule, baya siriri, da wutsiya a tsaye kamar ta kifi. Ta kai kilomita 140 a awa, ta fi ta kasuwa gudu, ta kuma fi ta tsimin mai. Ƴan kaɗan aka ƙera.

Sunansa ya fito ne da Thunderbolt, motar wani Baturen Ingila, George Eyston, mai nauyin kusan tan 7 da injinan jirgin sama biyu na Rolls-Royce. Andreau ne ya tsara jikinta. Ranar 19 ga Nuwamba 1937, a filin gishiri na Bonneville a Amurka, ta yi kilomita 502 a awa, gudun da wata mota ba ta taɓa yi ba. A Satumban 1938 John Cobb ya ƙwace kambun; washegari Eyston ya karɓo shi da kilomita 575.

Sai dai Andreau bai manta da mai ƙaramin ƙarfi ba. A 1946, lokacin da mai ke wuya bayan yaƙi, ya fito da Mathis 333: ƙafa uku, kujera uku, lita uku a kilomita ɗari. Kamfanin bai samu izinin gwamnati na kayan ƙira ba, motar ba ta shiga kasuwa ba.

Ya rasu a 1953. A yau babu babban kamfanin mota da ke fitar da sabon samfuri bai auna turjiyar iska a jikinsa ba.