MAI ALBARKA SOLANUS CASEY DA GIDAN DA YA FITO

A ranar 30 ga watan Yuli na kowace shekara akan yi idin tunawa da Mai Albarka Solanus Casey, firist na ƙungiyar Kafucin, wanda ya rasu a birnin Detroit na ƙasar Amurka a shekarar 1957. Jama'a sun fi saninsa da mai tsaron ƙofa, gama aikin da ya fi daɗewa a kansa ke nan. Amma a wurinmu ba a gama sanin mutum sai an tambaya ɗan gidan wa ne. Saboda haka za mu soma labarinsa daga iyayensa, da ƙasar da suka baro, da gonar da suka yi renonsa a cikinta.

Sunan ƙasar Ailan ba baƙo ba ne a kunnuwanmu, domin da yawa daga cikin firistoci da sistocin da suka kafa majami'u da makarantu a Arewacin Nijeriya daga can suka fito. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin wahalar da kakanninsu suka sha. Daga shekarar 1845 zuwa 1852 wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne abincin talakawan ƙasar, ya riƙa ruɓewa tun yana cikin ƙasa. Galibin manoma kuwa gonakin haya suke nomawa, hatsin da suka samu yakan tafi wajen biyan masu ƙasa. Yunwa da cututtuka suka kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu fiye da miliyan ɗaya kuma suka haye teku neman abin da za su ci.

Mahaifiyar Solanus, Ellen Murphy, an haife ta a shekarar 1844 a ƙauyen Camlough da ke yankin Armagh. Mahaifinta ya rasu a zamanin yunwar nan, ya bar gwauruwa da marayu. A shekarar 1852 uwar ta kwashi 'ya'yanta suka nufi Amurka, Ellen tana da shekara 8. Mahaifinsa kuwa, Bernard Casey, an haife shi a shekarar 1840 a Castleblayney cikin yankin Monaghan. Ya sauka a birnin Boston a shekarar 1857 yana saurayi ɗan shekara 17, ya koyi sana'ar ɗinkin takalma. Garuruwan nan biyu ba su da nisa da juna a can Ailan, amma sai a baƙuwar ƙasa Allah ya haɗa su, a wurin wani biki a garin Biddeford a shekarar 1860. Aka ɗaura musu aure a majami'ar Waliyyi Yakubu da ke garin Salem ran 6 ga Oktoba, 1863.

A lokacin nan Amurka tana cikin yaƙin basasa, sojoji suna bukatar takalma, don haka kasuwar Bernard ta buɗe. Da yaƙi ya ƙare a shekarar 1865, sai ciniki ya mutu. 'Yan'uwan Ellen maza sun riga sun yi yamma sun kama noma, suka aiko masa ya zo. Mai ɗinkin takalma ya ajiye kayan sana'arsa, ya ɗauki matarsa da ƙananan yara, ya sami fili eka 80 kusa da garin Prescott a jihar Wisconsin, a gefen kogin Misisifi. Daji ne wanda sai an sare kafin a shuka, ga kuma sanyin hunturu mai daskarar da ruwa wata da watanni. Nan ya gina ɗan ƙaramin gida na gungumen itace.

A cikin wannan gida aka haifi Solanus ran 25 ga Nuwamba, 1870, aka yi masa baftisma a majami'ar Waliyyi Yusufu ta Prescott, aka sa masa sunan mahaifinsa, Bernard, a gida kuwa ana kiransa Barney. Shi ne na shida cikin 'ya'ya 16, maza 10, mata 6. Yawan samarin gidan ya isa har suka kafa ƙungiyar wasan ƙwallo tasu ta kansu, suna karawa da na maƙwabta. Amma wasa sai an gama aiki: ga sharar gona, ga kiwon shanu, ga faskaren itace saboda hunturu.

Akwai al'adu biyu na gidan nan da ya kamata mu lura da su. Ta fari, kowace yamma, komai gajiya, uba yakan tara iyali duka su durƙusa su yi addu'ar Rosari tare da addu'o'in dare. Ta biyu, majami'a tana da nisa, keken dokinsu kuma ba ya ɗaukar kowa da kowa. Sai suka raba kansu kashi biyu: kashi ɗaya ya je Misa wannan Lahadi, ɗayan ya je ta gaba. Waɗanda suka rage a gida ba su ɗauki ranar a kan hutu ba ce. Idan lokacin Misa ya yi, sai su taru a karanta addu'o'i da karatun ranar, kamar yadda 'yan'uwanmu na ƙauyukan da Fada ba ya samun zuwa kowane mako suke yi tare da katekis.

Gidan bai tsira daga baƙin ciki ba. A shekarar 1878 cutar mashaƙo ta shigo, ta ɗauke 'yan mata biyu, Mary Ann mai shekara 12 da Martha mai shekara 3, cikin 'yan kwanaki. Barney ma ya kamu. Ya warke, amma cutar ta taɓa masa maƙogwaro, muryarsa ta zama siririya, mara ƙarfi, har ƙarshen ransa. Iyayen suka binne 'ya'yansu, da yamma kuma suka sake durƙusawa wurin addu'a. Yaro mai shekara 8 ya ga wannan da idonsa. A shekarar 1882 suka koma wata gona mafi girma a Burkhardt, kusa da garin Hudson, inda Barney ya karɓi Jibin Ubangiji na fari.

Da amfanin gona ya yi ta lalacewa shekara bisa shekara, sai Barney ya fita neman kuɗi domin ya taimaki gida. Aikin gona ya sha katse masa karatu, har sai da ya kai shekara 17 kafin ya gama makarantar firamare. Ya yi aikin jan gungumen itace a kan kogi a garin Stillwater, ya yi hidimar marasa lafiya a asibiti, ya yi gandiroba a gidan kurkuku, daga bisani ya zama direban taragon lantarki mai jigilar mutane a cikin gari. Ya nemi wata yarinya da aure, amma uwarta ta ƙi. A shekarar 1891 iyalin suka bar noma suka biyo shi garin Superior. A shekarar nan ce, yana cikin tuƙi, ya ga wani mashayi yana daɓa wa wata mace wuƙa a kan hanya. Abin ya tsaya masa a rai, ya yi ta yin addu'a domin matar da kuma wanda ya yi ɓarnar, har ya ƙudura zai ba da kansa ga aikin Allah.

A watan Janairu na 1892, yana da shekara 21, ya shiga ƙaramar seminari ta Waliyyi Faransis a Milwaukee, ya zauna aji ɗaya da yara ƙanana. Da Jamusanci da Latin ake koyarwa, domin yawancin Katolikan yankin 'yan asalin Jamus ne, shi kuwa bai iya ko ɗaya ba. Bayan shekara huɗu na fama, shugabanni suka ce masa ba zai iya zama firist na dayosis ba, sai dai ya gwada wata ƙungiyar sufaye. Ya koma gida da nauyin zuciya, musamman da yake wansa Maurice ma ya taɓa shiga seminari ya fito bai gama ba. Mahaifiyarsa da yayarsa suka taya shi addu'ar kwana tara ga Uwargida Maryamu. Ran 8 ga Disamba, 1896, bayan ya karɓi Jibi, ya ji a zuciyarsa Uwargida tana umartarsa ya tafi Detroit, inda 'yan Kafucin suke. Shi kuwa ba ya ko son dogon gemun da suke bari, ga shi su ma da Jamusanci suke karatu. Duk da haka ya tafi, ya isa gidan Waliyyi Bonabentura a jajiberin Kirsimeti. Ran 14 ga Janairu, 1897, aka sa masa rigar ƙungiya, aka ba shi sunan Waliyyi Faransis Solanus, ɗan ƙasar Sifen da ya yi wa'azi a ƙasar Feru, mai kaɗa goge kamar yadda shi ma Barney yake kaɗawa.

Karatu ya sake ba shi wuya. Ran 24 ga Yuli, 1904, Babban Bishof Sebastian Messmer ya keɓe shi firist a Milwaukee, amma da sharaɗi: zai miƙa Hadayar Misa, ba zai ji ikirarin zunubi ba, ba kuwa zai yi wa'azin koyarwa ba. Mu tsaya mu auna nauyin wannan. Mutum ya yi shekara 12 yana karatu, ya kai shekara 33, sa'an nan a gaya masa ba a amince da iliminsa ba. Da yawa daga cikinmu da mun yi fushi mun tattara kayanmu. Fada Solanus ya karɓa, ya yi Misarsa ta fari ran 31 ga Yuli a garin Appleton, iyayensa suna zaune suna kallo.

Aka tura shi yankin Niyok, inda ya yi shekara 20 a gidaje uku, yana lura da kayan bagade, yana koyar da yaran Misa, yana buɗe ƙofa ga baƙi. A bakin ƙofar nan baiwarsa ta bayyana. Marasa lafiya, da waɗanda aure ya yi wa tsami, da marasa aikin yi suka riƙa zuwa. Yakan saurare su ba tare da gaggawa ba, ya rubuta sunansu cikin ƙungiyar da ake yin Misa domin masu taimakon mishan, ya roƙe su su gode wa Allah tun kafin su ga amsar addu'arsu. Labarin warkarwa ya yawaita, har a shekarar 1923 shugabansa ya umarce shi ya riƙa rubutawa. Kafin ya rasu ya cika littattafai 7 da labarai fiye da 6,000.

A shekarar 1913 aka yi bikin cikar auren iyayensa shekara 50 a birnin Seattle, inda suka koma da zama a tsufansu. A ranar nan 'ya'yansu uku suka tsaya a bagade a matsayin firistoci: Solanus, da Edward wanda daga baya ya yi aikin mishan a ƙasar Filifin, da kuma Maurice, wanda ya koma karatu aka keɓe shi bayan ya haura shekara 40. Marainiyar da ta tsere wa yunwa da mai ɗinkin takalman da kasuwa ta juya wa baya suka ga ribar durƙuson da suka yi. Uban ya rasu a 1915, uwar kuma a 1918.

Daga 1924 zuwa 1945 Fada Solanus yana tsaron ƙofa a Detroit, mutane suna jerin gwano tun safe har dare. Da tattalin arziki ya karye a shekarar 1929, masana'antun motoci suka sallami ma'aikata, 'yan Kafucin suka buɗe gidan ciyar da mayunwata, wanda yake aiki har yau. Ɗan manomi ya riƙa bin gonaki yana roƙon dankali da kayan lambu domin talakawan birni. Jikan wanda ya mutu a zamanin yunwa bai iya ganin mai jin yunwa ya kau da kai ba.

Ya yi shekara 10 a Huntington ta jihar Indiana, ciwon fata mai zafi yana cinsa, wasiƙu kuma suna ta zuwa. Ya rasu a Detroit ran 31 ga Yuli, 1957, yana da shekara 86, daidai shekara 53 da Misarsa ta fari. Mutum wajen 20,000 suka zo yi wa gawarsa ban kwana. A shekarar 1995 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya tabbatar da nagartar halinsa. Bayan Roma ta amince da warkar da wata mace 'yar ƙasar Fanama daga ciwon fata a bakin kabarinsa, aka ɗaga shi zuwa matsayin Mai Albarka ran 18 ga Nuwamba, 2017, a gaban mutum fiye da 60,000.

Iyaye, abin da Bernard da Ellen suka bar wa 'ya'yansu ba gona ba ce, gama gonar ma sun rabu da ita. Sun bar musu addu'ar yamma, da kiyaye ranar Lahadi, da haƙuri a ranar makoki. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma seminari ba ta koya wa Solanus abin da bai fara gani a ɗakin uwarsa ba. Yaranmu za su bar ƙauye su tafi birni, wasu za su faɗi jarrabawa, wasu za a ba su aikin da bai kai burinsu ba. Mu tambayi kanmu abin da muke sa musu a jaka tun yanzu. Bari Allah, ta wurin roƙon Mai Albarka Solanus, ya tsare gidajenmu cikin bangaskiya. Amin.