Marigayi Jan van der Vaart, Malamin Magina Tangaran na Ƙasar Holan

'Yan'uwana ɗalibai, ina so in ba ku tarihin wani malami Bature wanda ya nuna wa duniya cewa ginin tukunya ba sana'ar rainawa ba ce. Sunansa Jan van der Vaart, mutumin ƙasar Holan.

An haife shi a birnin Hague a shekarar 1931. Bai yi wani dogon karatu a kan wannan sana'a ba. Ɗan abin da ya samu a wata makarantar zane ta garinsu shi ya riƙe, saura kuwa da hannunsa da naci ya koya. A 1960 ya koma Amsterdam da zama. Shekara biyu bayan haka aka baje aikinsa tare da na waɗansu matasan magina biyar a gidan kayan tarihi na Boijmans da ke Rotterdam. Daga nan sunansa ya fara fita.

Shi dai ba ya son tarkacen ado. Tukwanensa na zuba fure masu kusurwa ne, layinsu a miƙe sak, launinsu sau da yawa kamar na tagulla. Ya kuma farfaɗo da wata tsohuwar al'adar garin Delft, wato tulun furen tulif mai hawa-hawa, wanda ake ɗora wani bisa wani har ya tashi kamar hasumiya. Abin da ya fi burge ni shi ne, a ganinsa kome kyan tukunya dole ta yi amfani. Saboda haka ya shiga yin zubi, yana fitar da kaya iri ɗaya da yawa, don mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya saye.

Amma babban aikinsa shi ne koyarwa. Daga 1968 zuwa 1990 yana koyar da ginin tangaran a makarantar Gerrit Rietveld ta Amsterdam. To, a nan ne gizo ke saƙa. Malami mai suna yakan so almajiransa su zama inuwarsa, kowa ya yi irin nasa. Shi kuwa waɗanda suka fito daga hannunsa kowa da tasa hanya. Geert Lap, wanda ya rasu a 2017, ya shahara da kwanuka marasa ado masu launi ɗaya tak, kuma in ya ga ɗan aibi a jikin abu sai ya fasa shi. Babs Haenen takan yanka faifan yumɓu masu launi ta harhaɗa su kamar tela na ɗinka riga. Barbara Nanning ma ta zarce har zuwa aikin gilashi. In ka jera kayansu ba ka ce malaminsu ɗaya ba, sai ka lura da tsabtar aiki da kula da siffa, nan za ka ga hannunsa.

Ya rasu a shekarar 2000, amma har yau ana ajiye da aikinsa da na almajiransa a manyan gidajen kayan tarihi na Holan.

Ni dai darasin da na ɗauka shi ne, malamin kirki ba kansa yake sake ginawa a jikin yaro ba, hanya yake buɗe masa. Mu kuma ɗalibai kada mu raina aikin hannu, gama sana'a goma maganin mai gasa. Allah ya saka wa malamanmu da alheri, amin.