Labarin Tanda Balogun, Gwanin Tamaula

Sa'ad da aka rarraba mu makarantun firamare domin gwajin koyarwa, ni aji biyar aka ba ni. Ran nan da la'asar muna filin wasa, sai wani yaro ya ɗirka wa ƙwallo ƙafa da ƙarfi, nan da nan sauran suka ɗauki sowa suna kiransa Tanda. Na tambaye su, wane ne Tanda? Ai kuwa sai suka yanyame ni, kowa yana so ya riga ɗan'uwansa ba ni labari. Wani ya ce mutum ne wanda ya taɓa buga ƙwallo ta huda cikin mai tsaron gida ta fita ta bayansa. Wani kuma ya ce shi ne ya ci ƙwallo ɗaya tak ran da Indiya ta ci Nijeriya 99 da sihiri. Da suka gama sai suka zuba mini ido, suna jira in ce gaskiya ne.

Kunya ta kama ni, gama ni ma abin da na ji ke nan tun ina yaro, ban kuwa san kome ba bayan wannan. Na ce su yi mini haƙuri mako guda. To, 'yan'uwana ɗalibai, ga abin da na samo.

Sunansa na yanka Tesilimi Balogun, Bayarabe ne, haifaffen Ikko, watau Legas. Ya yi karatu a wata makarantar mishan ta Katolika a Fatakwal. Tanda laƙabi ne daga Turanci, ma'anarsa aradu, an kuwa laƙaba masa ne saboda ƙarfin bugunsa. Ɗan gaba ne, watau aikinsa cin ƙwallo.

A zamaninsa yawancin ƙungiyoyin Ikko na ma'aikatu ne da kamfanoni. Ya yi wa Apapa Bombers wasa, da Marine, da U.A.C., da ƙungiyar Reluwe, da Pan Bank, da Dynamos, har ya hau Arewa ya yi wa ƙungiyar Jos. Babban abin da ake takara a kansa a lokacin shi ne Kofin Gwamna, wanda aka fara a 1945. Sau bakwai Balogun ya kai wasan ƙarshe na wannan kofi, sau biyar ya ɗauka. A 1952, ran da Pan Bank ta lallasa Warri 6 da 1, shi kaɗai ya ci uku, kafinsa kuwa ba wanda ya taɓa yin haka a wasan ƙarshe.

Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tafiyar 1949. A watan Agusta na wannan shekara aka zaɓi samari 18, Etim Henshaw ne shugabansu, Balogun yana cikinsu, suka shiga jirgin ruwa mai suna Apapa, suka yi kusan mako biyu a teku kafin su sauka Liverpool. Ba a taɓa tara 'yan wasa da sunan Nijeriya duka an fita da su waje ba sai a wannan karo. Yawancinsu ba su saba da takalmin ƙwallo ba, sai su naɗe ƙafa da bandeji su shiga fili haka nan, a ƙasar sanyi da ruwan sama. Turawa suka cika fili domin su ga masu wasa ba takalmi. Wasan farko da ƙungiyar Marine ta Crosby, mutanenmu suka ci 5 da 2. Duka-duka wasa 9 suka yi: suka ci 2, aka yi kunnen doki a 2, aka cinye su a 5. A hanyar komowa suka yada zango a Saliyo, suka ci ƙasar 2 da nema ran 8 ga Oktoba, wannan kuwa shi ne wasan farko da Nijeriya ta yi da wata ƙasa. Daga nan Balogun ya yi ta yi wa ƙasarsa wasa har wajen shekara 12.

A 1955 ya koma Ingila ya shiga Peterborough United, yana cikin 'yan Nijeriya na farko-farko da suka nemi abincinsu da ƙwallo a can. Abin bai zo masa da sauƙi ba. Mutumin da Ikko duka ke yi wa kirari, sai ga shi bai sami shiga manyan wasannin ƙungiyar ba, har ya gangara wata ƙaramar ƙungiya a Skegness. Da wani ne, da sai ya tattara kayansa ya komo gida inda ake ganin girmansa. Shi kuwa ya daure. A 1956 Queens Park Rangers ta birnin London ta ɗauke shi, ran da ya fara yi musu wasa kuwa ya ci Watford ƙwallo. Wasa 13 ya yi musu a gasar shekara, ya ci 3.

Bai komo hannu rabbana ba. Ya koyi aikin horar da 'yan wasa ya sami takardar shaida, ana lissafa shi cikin 'yan Afirka na farko da suka same ta. Ashe gwanin nan namu malami ya zama daga baya! Yana cikin masu horar da ƙungiyar Nijeriya da ta je wasannin Olimfik a Meziko a 1968, inda ta yi 3 da 3 da Barazil. Ya rasu ran 30 ga Yuli, 1972. Filin wasa na Surulere a Ikko, wanda aka buɗe a 2007, sunansa aka sa masa.

Da mako ya kewayo na tara yaran na karanta musu wannan duka. Na gaya musu a fili, wasan Indiya ba a taɓa yinsa ba, mai tsaron gidan nan kuma ba wanda ya huda cikinsa. Wasu suka ɓata fuska, ni ma sai da na ji kamar na ƙwace musu wani abu. Can sai wannan yaro mai ƙarfin bugu ya ɗaga hannu, ya tambaye ni ko da gaske ne ba takalmi suka ci Turawa biyar. Na ce da gaske ne. Ya dubi ƙafafunsa, shi ma ba takalmi, ya yi murmushi.

Abin da na koya ke nan, shi ya sa na rubuto. Gobe mu ne za mu tsaya gaban aji, abin da muka ce gaskiya ne kuwa, shi yara za su riƙe har tsufansu. Tatsuniya tana da daɗi da dare, amma ba yaron da zai iya koyi da mai huda ciki da ƙwallo. Mutumin da ya fita ba takalmi, ya sha wuya a baƙuwar ƙasa, ya koyo sana'a ya komo ya koya wa na baya, wannan kam kowane yaro yana iya bin sawunsa.