Malam Aminu Kano Kafin Siyasa: Malami Kuma Jagoran Ɗalibai

Da an ambaci Malam Aminu Kano, sai a tuna da NEPU da PRP da gwagwarmayar talakawa. Amma kafin ya hau mumbarin siyasa, alli ya fara riƙewa, kuma kusan shekara takwas ya yi yana koyarwa.

An haife shi a birnin Kano a shekarar 1920, a gidan malamai da alƙalai. Ya fara da karatun allo, sannan ya shiga firamaren Shahuci, ya wuce Midil ta Kano, daga nan sai Kwalejin Kaduna, wadda a yau ake kira Barewa a Zariya. A 1942 aka tura shi koyarwa a Midil ta Bauchi, inda Abubakar Tafawa Ɓalewa ma yake aiki.

A wancan zamani akwai tazara mai faɗi tsakanin malami da ɗalibi. Bulala ce ke magana, yaro kuwa ba ya iya ɗaga ido ya faɗi damuwarsa. Malam Aminu ya bi wata hanya dabam. Bayan an tashi daga aji yakan zauna da yara, ya saurare su, ya bar su su yi tambaya har su yi masa musu cikin ladabi. Ya riƙa shirya musu wasan kwaikwayo, ya kuma ja ragamar ’yan sikawut. A irin waɗannan wurare ne yaro mai kunya ke koyon tsayawa gaban jama’a, malami kuma ya gane abin da takardar jarrabawa ba ta nunawa: wane ne ke fama da yunwa, wane ne ke kewar gida, wane ne ke da baiwa amma tsoro ya danne ta.

Shi kansa yana da nasa jagoran. A Bauchi ya shaƙu da Malam Sa’adu Zungur, masani kuma mawaƙi, wanda ya girme shi da ’yan shekaru. Sukan daɗe suna tattaunawa kan addini da mulki da halin ƙasa, kuma tare suka shiga zauren muhawara da aka kafa a garin a 1943. Abin da ya sha a wurin Sa’adu shi ya shayar da ɗalibansa.

A 1946 ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa. Da ya dawo ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, daga baya aka mayar da shi Kwalejin Horon Malamai ta Maru. A 1950 ya ajiye aiki ya shiga siyasa. Ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, kuma gidansa na Mambayya da ke Gwammaja ya zama cibiyar nazari ta Jami’ar Bayero.

’Yan’uwa ɗalibai, a kowane aji akwai wanda makinsa ke raguwa, ko ya fara fashin zuwa, ba wanda ya tambaye shi dalili. Wani kuɗin jarrabawa ne ya gagara, wata kuma talla ce ke cinye mata lokacin bita. Irin waɗannan sukan bar makaranta shiru. Aikin jagora shi ne ya lura da wuri, ya saurara ba tare da tsawa ba, ya taimaki yaro ya tsara lokacinsa, ya sada shi da wanda zai iya warware matsalar.

Muna roƙon malamanmu, duk da yawan aiki, kowa ya ware ɗan lokaci a mako domin sauraron ɗalibai. ’Yan aji shida su ja ƙannensu na aji ɗaya a jiki. Kai kuma da abu ke ci maka tuwo a ƙwarya, nemi malamin da ka amince da shi tun kafin jarrabawa ta ƙarato, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya jiƙan Malam da rahama, amin.